Gejin man babur ɗin ruwa yana nuna babu mai alhali tanki a cike yake

Sani_Falomo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin injin ruwa. Yamaha WaveRunner VX ne ƙirar 2012, na hannu daga Amurka, a Falomo yake ajiye. Idan an cika tanki aka tayar a bakin jeti, layukan gejin suna cika daidai. Da an shiga Five Cowrie Creek ruwa ya fara jijjiga shi sai su zube, layin ƙasa ya kama ƙiftawa, ƙararrawa ta yi ta kuka. Wani lokaci su dawo da kansu, wani lokaci sai an kashe an sake tayarwa. Inji lafiyarsa ƙalau, ba ya shaƙewa, ba ya rage gudu. Wani ya ce a sayi sabon allon da ke nuna gejin, wani ya ce famfon mai gaba ɗaya. Ta ina ya kamata a fara?

Dan_Agege:
Wa alaikumus salam. Batir ne wannan. Ka canza batir ka gani.

Injiniya_Apapa:
Malam Sani, kada ka sayi komai tukuna. Abu uku ne a layin nan: senda da ke cikin tanki, wayoyi da soket ɗinsu, sai allon da ke gabanka. Sendan yana manne a jikin famfon mai. Fulot ne a bakin wani siririn ƙarfe, irin na tankin ruwan gida, ɗaya ƙarshen ƙarfen kuma yana goga wani ɗan kati mai layuka. Mai ya hau, fulot ya hau, om ya ragu, wato ma'aunin tirjiyar da wutar lantarki ke samu a hanyarta. Mai ya sauka, om ya ƙaru. Allo ba ya ganin mai, om kawai yake karantawa.

A irin naka, fulot a sama yana ba da om 5 zuwa 7, a ƙasa kuma wajen 135. To ka lura da abin da wannan ke nufi. Duk abin da ya ƙara om a hanya, tsatsa a soket ko waya mai shirin tsinkewa, allo zai ɗauka mai ne ya ragu. Idan layin ya yanke ɗungurungum, a wurinsa tanki ya ƙare, sai ya buga ƙararrawa. Da wayar sendan ce ta goge ta taɓa negatif, da cike za ka riƙa gani kullum ko da ɗigo babu. Naka ƙasa yake faɗuwa, kuma sai an jijjiga. Yankewa ce mai zuwa tana tafiya. Saura a gano a cikin tanki take ko a wajensa.

Sani_Falomo:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Yaya ake rarrabewa?

Injiniya_Apapa:
A soket ɗin da ke saman tanki za ka raba layin biyu. Ka cire kwandon ajiya na gaba, za ka ga kan famfon da tiyo da wayoyinsa. Biyu na famfo ne, sun fi kauri. Sirara biyun su ne na senda.

Ka sa mitar auna lantarki a kan om 200. Da farko ka haɗa bakunan mitar da juna ka ga abin da take nunawa, yawanci 0.2 zuwa 0.5, sai ka riƙa cire wannan daga abin da ka auna. Ka zare soket, ka auna ɓangaren tanki. Tanki a cike ya kamata ka ga 6 ko kusa da haka. Kana riƙe da mitar, wani ya girgiza babur ɗin a kan tirela da ƙarfi. Idan lambar ta ɗan motsa ta dawo, lafiya. Idan ta tsallake zuwa OL, ko 1 shi kaɗai a gefen hagu na fuskar mitar, wato alamar layi ya yanke, sendan ne.

Idan nan lafiya, ka juya ɓangaren da ya tafi allo. Ka sayi resista uku, 'yan ƙananan kaya masu tsayayyen om, a wajen masu gyaran rediyo: om 6.8, 68 da 130 ko kusa. Ka sa ɗaya bayan ɗaya tsakanin sirara biyun nan. Na farko ya nuna cike, na biyu wajen rabi, na uku ƙasa. Kada ka yi gaggawa, allon yana jinkirta amsa da gangan don kada layuka su yi ta rawa a kan ruwa, ka ba shi kamar rabin minti. Da 6.8 a ciki, ka bi wayar kana murzawa da yatsa tun daga tanki har bayan allo. Inda layuka suka zube, nan ne.

BabanHafsat:
Kafin kowa ya taɓa soket, a yi maganar wuta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgin yake kwanciya, kuma babur ɗin ruwa ba shi da fankar da ke fitar da shi kamar manyan jiragen da injinsu ke ciki. Ka cire kujera, ka buɗe murfin gaba, ka bar shi ya sha iska a fili, ba cikin gareji ba. Negatif ɗin batir ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Ban da fitilar gwaji mai ƙwan nan ta masu wayarin mota, ban da goga waya a ƙarfe don a ga tartsatsi. Janareta da mai sigari su yi nisa. Tukunyar kashe wuta mai hoda ta kasance inda hannu zai kai.

Dan_Agege:
Ni dai har yanzu ina kan batir. Allon waɗannan abubuwan da wuta ta yi ƙasa sai ya fara shirme.

MaiWayarin_Obalende:
@Dan_Agege ba a ƙi ta taka ba, amma batir mai rauni ba gejin mai kaɗai yake taɓawa ba. Za ka ji sitata tana ja da ƙyar, allo ya ɗauke gaba ɗaya ya dawo, agogon gudu ma ya rikice. Duk da haka aunawar ba ta cin minti biyu. Inji a kashe 12.6 volt ne cikakken batir, 12.2 ya kai rabi. Inji yana aiki ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ka kuma kama kan batir ka murɗa da hannu, idan ya juya to ba a ɗaure yake ba.

Abin da na fi zargi shi ne baƙar wayar negatif. Ruwan Legas ruwan gishiri ne, musamman daga Disamba zuwa Afrilu da ruwan sama ya ɗauke, na teku ya turo ciki ta Commodore Channel. Mai yawo Tarkwa Bay kuwa kullum a cikin gishiri yake. Babur ɗin da ya yi rayuwarsa a tafkin ruwan daɗi a Amurka, robar soket ɗinsa ta riga ta bushe, shigowarsa nan wata kaɗan sai ka ga fil ya yi kore. Ka auna om daga baƙar wayar soket ɗin tanki zuwa negatif ɗin batir. Bai kamata ya kai om 1 ba.

Kyaftin_Ilashe:
Ƙari kan gwajin resista: idan dole sai an tayar da inji kafin allo ya kawo, kada a bar shi yana aiki a tudu sama da daƙiƙa 15 babu ruwa. A haɗa tiyon wanki. Inji ake fara tayarwa sannan a buɗe ruwa, ruwa ake fara rufewa sannan a kashe inji. Aka juya tsarin nan, ruwa zai bi salansa ya shiga silinda, an tashi daga gyaran geji an koma gyaran inji. Kuma sirara biyun kaɗai za a zare, masu kaurin na famfo su zauna, in ba haka ba inji ba zai samu mai ba.

Ɗan_Mile12:
Oga duk wannan dogon lissafi na mene ne? A je Ladipo a sayi senda na kowa-da-kowa a ɗaura, magana ta ƙare.

Injiniya_Apapa:
@Ɗan_Mile12 a nan mutane ke zubar da kuɗi. Sendan da ake sayarwa na jiragen ruwa iri biyu ne. Na tsarin Amurka om 240 ne idan babu mai, 33 a cike. Na tsarin Turai om 10 idan babu mai, 180 a cike, wasu kuma 0 zuwa 190. Ka ɗaura na Amurka a wannan allon, tanki a cike zai nuna maka kamar kashi uku cikin huɗu, kafin mai ya kai rabi ƙararrawa ta fara. Na Turai ya fi muni, a juye zai karanta: cike ya ce babu, babu ya ce cike. Wannan shi ne mai barin mutum a tsakiyar ruwa. Ga kuma tsawon ƙarfen fulot da lanƙwasarsa, an yi su ne daidai siffar wannan tankin. Na mota kuwa kada a soma.

Ɗan_Mile12:
To, na ji. Ashe abin ba a nan take ba.

Alhaji_Ibeshe:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tambayar tunda masana sun taru. Tsohon babur ɗin ruwa Sea-Doo GTX na 1997, mai tafiya da man haɗi, gejinsa kullum a ƙasa, fitilar mai a kunne. Hanya ɗaya ce da ta Malam Sani?

MaiWayarin_Obalende:
Ranka ya daɗe, dabarar raba layi biyu ɗaya ce, amma kayan ciki daban. Tsofaffin Sea-Doo ba su da ƙarfe mai lilo. Dogon bututun roba ne a tsaye cikin tanki, tiyoyin mai a kansa. A cikinsa akwai siririn allon lantarki mai jerin ƙananan makunnai na gilashi, sai fulot mai maganaɗisu yana hawa da sauka a gefensa. Duk makunnin da maganaɗisu ya zo daidai da shi sai ya rufe. A cike om ɗin kusan sifili ne, a ƙasa wajen 90.

Wayoyinsa biyu ne, ruwan hoda da ruwan hoda mai ratsin baƙi. Ka zare soket ka haɗa su biyun ta ɓangaren allo. Idan geji ya tashi ya cika, geji lafiya, laifin na bututu ne. A cikin bututun kuma abu biyu ke lalacewa. Ko fulot ya sha mai ya nutse, ko maganaɗisunsa ya fita ya faɗi ƙasa. Ka cire murfin ƙasan bututun, fulot zai zamo. In fulot lafiya amma mita tana nuna OL duk yadda ka juya bututun, to ɗan fis ne da ke saman allon, an rubuta F1 kusa da shi. Ana yanka 'yar taga a jikin bututun daidai wurin, a haɗa shi da dalma, a mayar da yankin a like da zafin ayan ɗin dalma. Amma sai bututun ya bushe sarai, ya wuni a rana, babu warin fetur ko kaɗan, kafin ayan ya matso.

BabanHafsat:
Ban goyi bayan haɗa F1 da dalma ba. Fis ne, kuma a cikin tankin fetur yake zaune. Wanda ya sa shi a wurin ba don ado ya sa ba. Ko a sa wani fis ɗin daidai ƙarfinsa, ko a sayi sabon bututu.

MaiWayarin_Obalende:
Baba, maganarka dutse. Masu yin haɗin suna ƙara ƙaramin fis a waje a kan wayar ruwan hoda, kariyar ta koma can. Abin da ke ƙona na cikin tun farko yawanci cajin batir ne yana haɗe da jirgi, ko tayar da shi da batirin mota injin motar yana aiki. Alhaji, tunda za a buɗe wurin, a duba tiyoyin mai. Idan masu launin toka ne na asali, a canza su duka. Cikinsu yana narkewa ya zama koren danƙo ya toshe kafireto, inji ya ƙone don ƙarancin mai. A sa wa kowane tiyo alama kafin a zare, huɗu ne a kan bututun kuma ba sa musaya.

Alhaji_Ibeshe:
Madalla. Masu toka ne kuwa. Allah ya yi albarka.

Sani_Falomo:
Ga abin da aka samu. Batir 12.5 a kashe, 14.1 inji yana aiki, allo kuma ya amsa resista uku daidai. Ɓangaren tanki, a cike, om 6.4, an girgiza bai wuce 9 ba. Amma fil ɗin baƙar waya a soket ya yi kore, har da farin gari a gindinsa. Daga nan zuwa negatif ɗin batir om 11, ana taɓa wayar sai ya tsallake 40, wani lokaci OL.

MaiWayarin_Obalende:
Ka kama ɓarawo. Amma kada ka tsaya a goge fil. Gishiri yana bin cikin rigar waya kamar taku ɗaya ko fiye. Ka fere rigar kaɗan a bayan soket. Jan ƙarfe mai lafiya ja ne yana sheƙi. Idan baƙi ne yana karyewa, ka ci gaba da yankewa baya har ka iske mai sheƙi. Ka ƙara da waya mai kauri ɗaya, in da hali irin ta jirgin ruwa wadda aka shafe silinta da kuza. Ka matse haɗin da filayar matsewa, ka rufe da robar nan mai tsukewa da zafi, mai gam a ciki. Murɗa waya a naɗe da baƙin tef gyaran mota ne, a ruwa ba ya kai wata guda. Zafin tsuke robar kuma a yi shi da wayar a jawo waje nesa da tanki, murfin mai a rufe.

Fil ɗin da bai ci sosai ba, feshin wanke soket da tsohon buroshin haƙori sun isa. Ka duba macen fil ɗin ma, in bakinta ya buɗe ba ta kama namijin, ka ɗan matse ta da allura. Daga ƙarshe giris ɗin silikon kaɗan a kan robar soket. Ban da giris ɗin boris, yana kumbura roba.

Hajiya_Lekki1:
Malam mai wayarin, feshin WD-40 fa? Yaran da ke kula da na haya shi suke fesa wa komai.

MaiWayarin_Obalende:
Hajiya, yana korar ruwa, don haka a jikin inji bayan wanki ba laifi. Amma ba ya cire koren nan, kuma yana barin maiƙo mai kama ƙura. A cikin soket a yi amfani da na wanke lantarki, mai bushewa nan take.

Kwalekwale_77:
Hanya mafi sauƙi ga wanda ƙarar ta dama: a bar resista 6.8 ɗin nan a soket dindindin. Geji ya zauna a cike, ƙararrawa ta yi shiru, a riƙa leƙa tanki da ido. Farin roba ne ai, ana ganin mai ta jikinsa.

Kyaftin_Ilashe:
Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Sabon tanki ake gani ta jikinsa, wanda ya shekara goma ya yi rawaya sai da tocila, kuma wa zai cire kwando a tsakiyar ruwa yana leƙe? Irin wannan VX idan an matse shi har ƙarshe yana shan kusan lita 30 a awa. Lita 60 awa biyu ke nan. Masu sufacaja, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, suna haura lita 70 a awa. Wanda mai ya ƙare masa tsakanin Tarkwa Bay da Apapa yana kan hanyar manyan jiragen dakon kaya ne, ga ruwa mai ja idan teku tana janyewa. Babur ɗin ruwa kuma da inji ya mutu babu sitiyari, don ruwan da yake fesowa ne ke juya shi. Na haya ya fi haɗari, mai hawa bai san an rufe wa geji baki ba.

Ko geji yana aiki, a raba mai uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Lokacin kainuwa, ƙarshen damina zuwa farkon rani, a ƙara a kan haka, saboda zagaye da tsayawa cire ciyawa daga ƙasan famfon da ke feso ruwa suna cin mai.

Kwalekwale_77:
Kyaftin na ce ne na wucin gadi kafin kaya su iso.

Kyaftin_Ilashe:
Na wucin gadi, a bar shi yana kuka ya fi. Ko a cika tanki kowace fita, a rubuta awar inji da ke kan allo, a lissafa.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Malam Sani. Mai son maganar man haya ya buɗe nasa zaren.

Sani_Falomo:
An yanke wayar, an ƙara sabuwa, yanzu om 0.4 zuwa batir. Tanki a cike babu sauran faɗuwa ko a wajen gadar Lekki da Ikoyi inda jiragen fasinja ke tayar da ruwa. Sai dai da mai ya sauko wajen rabi abin ya dawo. Ƙasa da rabi kuma ya sake daidaita.

Dan_Agege:
To ko allon ne dai tun farko?

Injiniya_Apapa:
A'a. Allon da ya lalace bai san rabi ba bai san cike ba, kuma ya amsa resista uku daidai. Matsala biyu ce ta haɗu, ta farko ta rufe ta biyu. Gwajin da aka yi da tanki a cike wuri ɗaya tak ya auna a kan katin. Yanzu a auna katin duka ba tare da an buɗe tanki ba. A zuƙe mai da famfon hannu zuwa jarkoki, ba da baki ba, ba da famfon lantarki na ruwa ba. A daidaita tirela jirgin ya kwanta sosai, don hanci a sama ko a ƙasa yana canza karatu. A riƙa zuba lita 10, a jira mai ya natsu, a rubuta om, a girgiza a ga ko zai yanke. Sau shida ke nan. Ba dole tazarar ta zama daidai wa daida ba, tankin ba murabba'i ba ne, ƙasansa ya fi tsukewa. Abin nema shi ne lambar ta yi ta sauka ba tsalle. Mai tsohuwar mita mai allura ya fi ganin wannan, allurar tana harbawa nan take, mai lambobi kuwa tana iya tsallake gajeren yankewa.

Sani_Falomo:
Lita 10: 117. Lita 20: 95. Lita 30: yana yawo tsakanin 70 da OL. Lita 40: 48. Lita 50: 25. Lita 60: 6.

Injiniya_Apapa:
Shi ke nan, tsakiyar katin ne. Ko datti ya rufe layukan wurin, ko ɗan harshen da ke gogawa ya cinye su. Haka yake faruwa ga abin hawan da kullum mansa a wuri ɗaya yake tsayawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane da yawa jarka ɗaya suke ƙarawa a kan ragowar jiya, fulot ya yi ta lilo a kan layuka huɗu ko biyar.

Wajen cirewa: mai ya kasance ƙasa da kwata, batir a cire. Tiyon famfo yana da matsi ko inji a kashe, ka naɗe bakinsa da tsumma kafin ka zare. Ka wanke saman tanki tukuna don kada yashi ya faɗa. Ka yi alama da alƙalamin maka inda famfon ya fuskanta. Ka sassauta notocin a gicciye. Wajen ɗagowa ka karkata shi a hankali ƙarfen fulot ya fito ba tare da ya lanƙwashe ba, in ya lanƙwashe karatun ya tafi har abada.

A kan tebur, mita a haɗe, ka ɗaga ƙarfen a hankali daga ƙasa zuwa sama. Ka dubi katin a haske. Idan baƙi-baƙi ne ko ruwan ƙasa kamar an shafa masa fenti, dattin tsohon mai ne, feshin wanke lantarki da auduga za su cire, sai ka bi da abin goge fensir a hankali. Ban da samfefa. Idan ka ga farin tangaran ya bayyana a tsakanin layuka, sun cinye, babu gyara.

BabanHafsat:
A gwada fulot ɗin ma tunda ya fito. A cikin fetur za a gwada, ba a ruwa ba. Litar fetur wajen giram 740 ce, ta ruwa 1000, fulot ɗin da ya sha mai zai yi iyo a ruwa lafiya lau ya nutse a fetur. A zuba a gwangwani a waje, a sa shi, rabinsa ya kamata ya fito sama. Abin hawan da ya sha gurɓataccen man nan mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022, ko wanda ake saya wa man jarka a bakin hanya, robobinsa na ciki duk abin dubawa ne.

MaiWayarin_Obalende:
Ni ban yarda da wankin kati ba a irin wannan. Datti yana ƙara om ne, ka ga 70 ya zama 90. Wanda ya kai OL a wuri ɗaya, layi ya cinye ko harshen ya saki. Za a wanke ya yi wata biyu ya dawo, an buɗe tanki sau biyu, gasket biyu. A yi odar sabo tun yanzu a buɗe sau ɗaya. A yi odar da lambar jikin jirgi, ba da shekarar da mai sayarwa ya faɗa ba. Tana bayan jirgin ta dama, harafi da lamba 12, na Yamaha da YAM take farawa, biyun ƙarshe su ne shekarar ƙira. Da ita za a duba zanen kayan gyara a ga ko sendan ana sayar da shi shi kaɗai ko sai da famfo.

Injiniya_Apapa:
Busasshen dattin mai yana kai OL sarai, musamman a jirgin da ya yi watanni a ajiye da rabin tanki kafin a loda shi zuwa Legas. Daidai layin da mai ya tsaya nan yake daskarewa. Harshen da ya saki kuma ana ɗan ƙara masa matsi da hantsaki. Buɗewa ba ta cin komai sai awa ɗaya, oda daga waje kuwa makonni ce da dala.

MaiWayarin_Obalende:
Injiniya, ƙara wa harshe matsi shi ke ƙarasa cinye katin.

Injiniya_Apapa:
Idan an yi da hannun maƙera, ƙwarai.

Hajiya_Lekki1:
Sea-Doo GTI na yanzu masu injin fo-sitrok fa, lambobin ɗaya ne da na Yamaha?

Injiniya_Apapa:
Ginin kusan ɗaya ne, Hajiya, fulot mai ƙarfe a jikin famfo, amma lambobi daban. Nasu wajen om 5 a cike, wajen 90 a ƙasa. Resistan gwajin rabi sai ya zama 47 maimakon 68. Sendan wannan ba ya aiki a wancan ko da ya shiga ramin.

Kyaftin_Ilashe:
Abu ɗaya da ba a ambata ba: numfashin tanki. Akwai ɗan bawul a kan siririn tiyo da ke barin iska ta shiga yayin da mai ke raguwa. Gishiri ya toshe shi, famfo ya yi ta ja, tankin roba ya tsotse ciki, bango ko ƙasansa ya taɓa fulot ya riƙe shi. Malam Sani, bayan tafiya mai nisa ka buɗe murfin mai a hankali ka saurara. In ka ji iska tana shiga da ƙarfi, a duba bawul ɗin. Ana cire shi a hura, ta gefe ɗaya kaɗai ya kamata iska ta wuce.

MaiWayarin_Obalende:
Wannan zai riƙe geji a wuri ɗaya ne, ba zai ba da OL ba. Kuma gwajin lita goma-goma da murfi a buɗe aka yi.

Kyaftin_Ilashe:
Haka ne. Amma tunda hannu yana wurin, hurawa ɗaya ce.

Sani_Falomo:
Za a buɗe ranar Litinin in Allah ya kai mu, bayan masu yawon Lahadi sun watse. Gasket ɗin bakin tanki dole sai sabo, ko tsohon zai koma?

BabanHafsat:
Ka lanƙwasa shi a haske. In ya tsage, ya taurare, ko ya kumbura ya fi raminsa, ya gama aiki. In yana da laushi kuma bai canza siffa ba zai koma, amma a bushe, kada a shafa masa gam ɗin silikon, fetur yana narkar da shi ya tafi ya toshe matatar famfo. Notocin a ɗaure su a gicciye zagaye biyu, na farko da sauƙi, na biyu a ƙarasa, da ƙaramar sifana, don kusoshin a cikin roba suke kuma suna tsinkewa. Bayan an mayar a cika tanki har wuya, a ɗaga hancin tirela a sauke, a zagaya bakin famfon da farar takarda. Ta jiƙe ko ta yi tabo, kada a haɗa batir.